Lakwaja: Garin Da Kowa Ke Ratsawa, Ba Mai Sauka

 

Mu Hausawan da ke zaune a Kudu gari biyu kaɗai muka sani a duniya, wato garin da muke nema da garin da aka yanke mana cibiya. Duk abin da ke tsakaninsu hanya ce kawai, wadda muke bi muna gyangyaɗi a cikin mota, muna addu'ar Allah Ya kai mu lafiya. Ba ma ɗaura niyyar tafiya sai an yi rasuwa, ko biki, ko Sallah ta zo, ko kuma sarin kaya ya kama. In ka ce wa mutum za ka je wani gari don kawai ka gan shi, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, kuɗi ne suka yi maka yawa?" To ni dai ra'ayina shi ne, wannan ɗabi'a tana cutar da mu, kuma ya kamata ko sau ɗaya a shekara, idan hunturu ya shigo, mutum ya rufe shago ranar Juma'a, ya ɗauki amini guda ɗaya, su tafi wani garin da ba wanda ke zuwa, su dawo ranar Lahadi. Garin da ni da nawa aminin muka zaɓa shi ne Lakwaja, kuma na san tun kafin in rufe baki wani ya fara dariya.

Aminin nan nawa Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, ka ga ke nan ba a rasa tsiya tsakaninmu ba. Shi Kalaba ya so mu je, saboda bikin nan na watan Disamba da ake yi tun 2004, zamanin Gwamna Donald Duke. Na ce masa, "Malam, ni da kai da furfura a gemu, me za mu tsaya yi a bakin titi muna kallon 'yan mata suna rawa? Ga masauki a lokacin sai mai ƙashin arziki." Ya ce to Jos. Na ce Jos a watan Janairu ai neman mura ne, kuma ƙanin matarsa na can. Ya ce Abuja. Na ce a Abuja kafin mu ajiye jaka labari ya kai wa 'yan'uwa, shi ke nan tafiya ta koma gaishe-gaishe da rabon kuɗin mota. Abin da na lura da shi ke nan: garin da kake da dangi, in ka je ziyara ka yi, garin da kake da abokin ciniki, in ka je kasuwa ka ci. In hutu kake so, nemi inda ba wanda zai tambaye ka nawa buhun albasa yau a Aduwawa.

Abin mamaki shi ne Lakwaja ba baƙon gari ba ne a wurinmu. Wanda ya taso daga Benin ko Warri zai bi ta Auchi da Okene ya faɗo cikinta. Wanda ya taso daga Anacha ko Inugu zai tsallake gadar Itobe, ya wuce Ajakuta, ya faɗo cikinta. Mu duka muna tsayawa a Nataco mu yi alwala, mu ci shinkafa da kifi a tsaye, direba na danna ham, mu koma mota mu haye gadar Murtala da ke Jamata, daga nan sai zuciya ta fara cewa an kusa gida. Na yi shekaru ina wannan zirga-zirga, aminina ya fi ni daɗewa, amma da muka zauna muka yi lissafi, ba wanda ya taɓa kwana a garin da son ransa. Shi ya taɓa kwana uku, a cikin tirela, lokacin ambaliyar 2022 da ruwa ya shanye hanya wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi jerin gwanon da ba a ganin ƙarshensa. Irin haka ta faru a 2012. Saboda haka abin da ya sani game da Lakwaja shi ne sauro da zafi da tumatirin da ya ruɓe masa.

Wannan ma shi ya sa na ce hunturu. Lakwaja a kwari take, tsakanin dutse da ruwa, kuma duk wanda ya ratsa ta a watan Maris ya san zafinta ba na wasa ba ne. A ƙarshen damina kuwa kogi ke da garin. Amma daga Disamba zuwa Janairu iska na sauka da asuba, mutum ya yi barci har da lulluɓa, ruwa ya ja baya, rairayi ya fito fari tas a tsakiyar kogi. Mu da muke zaune inda hunturu ba ya wuce 'yan kwanaki, kuma ko ya zo bai isa ya sa ka nemi man kaɗanya ba, wannan busasshiyar iska kaɗai ta isa ta tuna maka gida. Sai dai kada in ɓoye maka, mai karatu, hunturun yana da nasa sharrin. Idan ka hau Dutsen Patti don ka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kana iya tarar da hazo ya rufe komai, sai dai a nuna maka da yatsa a ce ga shi can. Mu haka ta same mu da safe. Sai da muka sauko muka ɗauki kwale-kwale, aka kai mu har mahaɗar, sannan muka gani da idonmu.

(Wani Banufe ya gaya mana cewa "pati" da harshensu dutse ke nan. Wato mu da muke cewa Dutsen Patti, Dutsen Dutse muke faɗa. Haka ma sunan jihar da aka ƙirƙiro a 1991, Kogi, ai kalmarmu ce. Mun ba jiha suna, amma ba mu san babban birninta ba.)

To me ke cikin Lakwaja? A taƙaice, nan ne Arewar da muka sani a takarda ta fara. Wani likita Bature, William Baikie, ya kafa zango a wurin wajen 1860, ya zauna 'yan shekaru yana ciniki yana koyon Hausa, har ya taka zuwa Kano a 1862. A 1865 aka buɗe makarantar mishan ta Holy Trinity a zamanin Bishop Ajayi Crowther, wadda ake cewa ita ce makarantar boko ta farko a ƙasar Arewa. Daga Lakwaja sojojin kamfanin Royal Niger suka tashi a 1897 suka ci Bida da Ilori. Ranar 1 ga Janairu, 1900, a nan aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannunsu, kafin daga baya hedikwata ta koma Jebba, ta koma Zungeru, ta ƙare a Kaduna. A kan Patti akwai ɗan gidan da ake cewa nan Lugga ke hutawa, kuma masu zagayawa da baƙi za su gaya maka cewa a nan matarsa Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna Nijeriya. Labarin da daɗi, amma sunan ta rubuta shi ne a jaridar Times ta Landan tun 1897, ba ta auri Lugga ba sai 1902. Na faɗa wa yaron da ke yi mana bayani haka, ya ce shi dai haka aka koya masa. Na ba shi na goro, muka rabu lafiya.

Duk wannan ana iya gama kallonsa kafin azahar, kuma in don shi kaɗai ne da ban dame ku da dogon surutu ba. Abin da ya kai ni Lakwaja yana unguwar Kabawa, cikin tsohon gari, inda kushewun sarakunan da Turawa suka tuɓe suke.

Duk Bakano ya san sunan Alu Babba, Alu Mai Sango, wanda ya hau gadon Dabo a 1894 bayan yaƙin basasa. Lokacin da Turawa suka fasa ganuwar Kano a farkon watan Fabrairun 1903, shi ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A kan hanyar dawowa labari ya iske shi. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya tsaya ya yi shahada a Kwatarkwashi, shi kuwa Alu ya yi arewa, aka kama shi, aka kai shi Yola, daga can aka dawo da shi Lakwaja. A nan ya zauna har Allah Ya karɓi ransa a 1926. Ka lissafa da kanka: shekara 9 yana sarauta, shekara 23 yana tsare a ƙasar da ba tasa ba. Mutumin da in ya hau doki Kano ke girgiza, ya ƙare yana kallon kwale-kwalen Kakanda suna wucewa. Tun muna yara muke jin labarin hawansa da yaƙe-yaƙensa, amma ban taɓa jin wani dattijo ya ba mu labarin waɗannan shekaru 23 ba. Me yake ci? Wa ke zuwa gaishe shi? In hunturu ya busa daga arewa, me yake tunawa?

Na tsokani aminina na ce, "Mu namu ɗaya ne a nan, ku Zage-zagi har biyu kuka kawo." Don kuwa Sarkin Zazzau Kwasau, wanda Turawa suka shigo Zariya a zamaninsa, a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa. Wanda suka naɗa da hannunsu a 1903 ya gaje shi, wato Aliyu Ɗan Sidi, sarki malami kuma mawaƙi, shi ma da suka gaji da shi wajen 1920 nan suka aiko shi, ya rasu a 1924. Etsu Nupe Abubakar na Bida ma nan aka kawo shi. Aminina ya ce, "Ai mu namu taurin kai ne ya kawo su, ku naku a hanya aka tsince shi." Muka yi dariya, amma da muka isa wurin dariyar ta ɗauke. Wuri ne a cikin unguwa, yara na wasa, mata na shanya, awaki na yawo. In ba a nuna maka ba, sai ka wuce ba ka san ka wuce sarakuna ba. Muka yi sallama, muka yi musu addu'a tare da sauran Musulmin da ke kwance a wurin, muka samu inuwa muka zauna.

A nan ne mutumin da muka yi shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya ya gaya mini abin da bai taɓa gaya mini ba. Ya ce ya gina gida a Zariya, ɗaki shida, an yi fenti an sa ƙyaure, amma duk kwanakin da ya yi a cikinsa in aka tara ba su kai wata biyu ba. Ya ce babban ɗansa in ya yi waya da kakarsa sai an sa tafinta, don Hausar yaron ta cakuɗe da Buroka. Ya ce, "Alhaji, kullum cewa nake baɗi zan tattara in koma. Yau shekara nawa ke nan? Ni na san a maƙabartar Hausawa ta Benin za a sa ni." Ban ce masa komai ba, don ni ma nawa gidan na can a Kano, ɗan haya ke ciki.

Abin da nake so mu duba ke nan, 'yan'uwa. Waɗancan bayin Allah da ƙarfin bindiga aka raba su da gida. Mu da ƙafarmu muka taho, ba wanda ya tsare mu, motar Kano na lodi kullum. Amma zaman da muke yi bai bambanta da nasu sosai ba: jiki a nan, zuciya a can, kuma ba mu mallaki ko ɗaya ba. Ba mu san garuruwan da muke zaune a ciki ba, bayan kasuwa da masallaci da unguwar Hausawa. Mutum zai shekara 20 a Benin bai taɓa leƙa gidan tarihin da ke tsakiyar gari ba. Gida kuma in mun je baƙi ne mu, ana yi mana shimfiɗa a ɗakin baƙi, yara na tambaya yaushe Baba zai koma. Lakwaja ita ce tsakiyar wannan zama namu, a ƙasa da kuma a tarihi, kuma akwai Hausawa a cikinta da kakanninsu suka zo tun zamanin Turawa, wasu fatake, wasu sojoji, wasu kuma bayin sarki da fadawan da suka biyo iyayen gidansu. Sarkin garin ma Maigari ake ce masa. Jikokin nan suna jin Nufanci, suna jin Yarbanci, sun yi auratayya da mutanen wurin, kuma ba wanda ke maganar baɗi zai koma. Wanda duk ke son ya ga yadda jikokinsa za su kasance nan da shekara 100, ya je ya zauna da su ya sha shayi.

Akwai kuma wani abu mai ɗaci da ba mu cika son ji ba. Sojojin da Turawa suka yi amfani da su wajen cin ƙasarmu, da yawansu masu jin Hausa ne, an ɗebo su an horar da su a irin su Lakwaja, ana ba su umarni da Hausa. Bature nawa ne gaba ɗaya a rundunar da ta shiga Kano? Tsiraru ne. Wato da ɗan gari aka ci gari. In ka tsaya a dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya da ke cikin garin, sannan ka taka zuwa Kabawa, za ka ga cewa wanda ya kamo da wanda aka kamo duk ƙasa ɗaya ta rufe su.

Na san abin da za a ce. Za a ce kuɗin da ka kashe a mota da masauki da ka aika wa tsohuwa ya fi lada. Gaskiya ne, ba na musu, kuma wanda bai sauke nauyin gida ba kada ya saurare ni. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da muke ɓatarwa a ɗinkin Sallah da liƙi a gidan biki ya ninka kuɗin wannan tafiya. Wani zai ce malamai sun hana ɗaura kaya don ziyarar kabari. Ni ba malami ba ne, kuma ba neman tabarruki ya kai mu ba. Mun je ganin gari ne, muka iske kaburburan Musulmi, muka yi musu addu'a kamar yadda aka koya mana, muka tuna da tamu mutuwar. Uwargida kuwa nata ƙorafin daban ne, cewa ta yi ita fa, ko ita ba ta son ganin kogi? Wannan kam ba ni da amsarsa, na dai yi alkawari.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Ba wanda ya manta da mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu daga Fatakwal za su gida Sallah. Tsakanin Auchi da Okene zuwa Lakwaja an sha tare motoci ana kwashe mutane. Wanda ya ce ba zai hau wannan hanya ba sai dole, ban ga laifinsa ba. Abin da zan ce kawai shi ne, hanyar nan dai ita muke bi da dare a saman tirela saboda kwandon tumatir, kuma ba mu fasa ba. Mai tafiyar hutu shi ke da zaɓin da ɗan kasuwa ba shi da shi: ya tashi da hantsi, ya shiga motar tasha, ya ƙi tafiyar dare, ya riƙe katin shaidarsa, ya bar duk wani abu mai kama da makami a gida ko da wuƙar yankan farce ce. Tsoro in ya yi yawa shi ma kurkuku ne, kuma in muka bari ya kulle mu a unguwar Hausawa, to mu muka tsare kanmu, ba sai an kawo Lugga ba.

Dalilin da ya sa na ce amini ɗaya kuwa, na ga yadda tafiyar ƙungiya ke ƙarewa. Da kun kai biyar sai an naɗa shugaba da ma'aji, a yi gardamar masauki, wani ya ce a biya ta wurin surukinsa, a dawo ana jin haushin juna. Mutum biyu kuwa ɗaki ɗaya ya ishe su, kwanon kifi ɗaya ya ishe su, kuma in shiru ya yi tsawo dole ɗaya ya faɗi abin da ke ransa.

Ga mai son gwadawa daga ɓangarenmu na Benin, in ka fita da sassafe ranar Juma'a kana iya samun Juma'a a Auchi, garin Musulmi ne, in kuma hanya ta yi kyau har Okene. Mutanen Warri da Agbor suna da jirgin ƙasan Itakpe da aka buɗe a 2020, sai dai a tambaya tukuna ko yana aiki a makon, don yakan tsaya. Patti a hau shi da yamma, lokacin hazo ya ɗan lafa. Wajen shiga kwale-kwale a yi ciniki tun a tudu, a kuma nemi rigar ruwa, in mai jirgi ya ce babu a nemi wani. Kabawa kuwa kada a faɗa wa mutane unguwa kai tsaye kamar 'yan ƙidaya. A fara da masallaci, a gaisa da dattawa, a faɗi daga inda aka zo, su za su haɗa ka da yaron da zai kai ka. A riƙe ɗan goro. Busasshen kifi kuma kada a saya a bakin titi inda motoci ke tsayawa, a shiga tsohuwar kasuwa ta bakin kogi, farashin ba ɗaya ba ne.

Baɗi in Allah Ya kai mu aminina ya ce shi zai zaɓa, kuma wai Idah yake so, garin Attah na Igala, can gangaren kogin. Na ce masa Allah Ya kai mu, amma ya fara biyan ni kuɗin kwale-kwalen da na ranta masa.